Iya ruwa fid da kai: Shin mai nutso da kwamfuta a hannu yana buƙatar jadawali?

Da asubahin ranar 26 ga watan Mayun 2013, wani jirgin ruwa mai suna Jascon-4 ya kife a tekun Atilantika, kimanin kilomita 30 daga gaɓar jihar Delta ta Najeriya, yana tsaka da aikin riƙe wani babban jirgin dakon mai. Mutum 12 ne a cikinsa. Jirgin ya lume har ƙasa, zurfin mita 30, ya kwanta a kife.

Kukun jirgin, Harrison Okene, shi kaɗai ya tsira. Ya samu wani lungu da iska ta maƙale a ciki, ya zauna nan kusan awa 60 cikin duhu da sanyi. Masu nutson da aka turo sun zo kwasar gawawwaki ne, sai ɗaya daga cikinsu ya ji hannu ya kama shi. Bidiyon wannan lokaci ya zagaya duniya.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne abin da ya biyo baya. Tsakanin Okene da hasken rana mita 30 ne kacal, amma ba a fito da shi kai-tsaye ba. An shigar da shi wani akwatin ƙarfe da ake zurawa cikin teku, daga nan aka kai shi ɗakin matsi da ke cikin jirgin ceto, inda ya ƙara kusan kwana uku ana rage masa matsin iska kaɗan-kaɗan. Da an hanzarta fito da shi, mai yiwuwa ceton ne zai kashe shi.

Lissafin da ya ce a jira shi ake kira jadawalin hawowa: takarda ce mai layuka da lambobi da ke faɗa wa mai nutso minti nawa zai iya yi a kowane zurfi, da inda zai tsaya a hanyarsa ta dawowa sama. Shekaru da dama ita ce jagorar duk wanda ya shiga ruwa da tukunyar iska a bayansa. Yau kuma galibin masu nutso suna ɗaura wata 'yar kwamfuta a hannu kamar agogo, ita ke yi musu wannan lissafi. Wannan ya haifar da muhawarar da har yanzu ba ta mutu ba tsakanin malaman nutso: idan kwamfuta na hannu, me za a yi da takarda?

Abin da zurfi ke yi wa jini

Iskar da ɗan Adam ke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, wadda masu karatun Faransanci suka sani da azot, kashi 21 kuma oksijin. Jiki yana amfani da oksijin, amma naitirojin shiga kawai take yi ta fita.

A cikin ruwa labarin yana sauyawa. Kowace mita 10 da mutum ya sauka, nauyin ruwa yana ƙara masa matsi daidai da na dukan iskar da ke kan doron ƙasa. A mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu. Tukunyar da ke bayansa tana ba shi iska daidai da wannan matsi, don haka kowane numfashi yana cusa naitirojin mai yawa cikin jini, daga jini ta bi nama, kitse da gaɓoɓi ta narke a cikinsu. Gwargwadon zurfi da daɗewa, gwargwadon abin da jiki ke sha.

Kwalbar lemo mai gas ta isa misali. Muddin murfinta na rufe, ba a ganin komai. A buɗe a hankali, gas ya fita salin-alin. A fizge murfin, kumfa ta taso. Mai nutson da ya yi saurin hawowa haka naitirojin ke zama kumfa a jininsa da namansa. Alamomin sukan fara da ciwon kafaɗa ko gwiwar hannu, ƙaiƙayi, ƙuraje da gajiya mai tsanani. Idan kumfar ta taɓa laka ko ƙwaƙwalwa, sai jiri, mutuwar jiki, riƙewar fitsari, shanyewar ƙafafu, wani lokaci har rasa rai. Yawanci suna bayyana cikin 'yan sa'o'i bayan fitowa, lokacin da mutum yake ganin ya tsira.

Wannan ne ya sa mai haƙar rijiya da ya sauka gaba ashirin ba ya gamuwa da wannan ciwo: iska ce a kansa, kuma iska ba ta da nauyin ruwa. Haka ma masuncin da ke nutso da numfashi guda a kogin Kwara, minti ɗaya ko biyu yake yi a ruwa marar zurfi, jikinsa ba ya samun lokacin shan naitirojin. Matsalar ta mai shaƙar iska ce a ƙarƙashin matsi.

Daga awaki zuwa takarda

Ma'aikatan gina gadoji suna cikin waɗanda suka fara ɗanɗana wannan ciwo da yawa, tun kafin nutso ya zama wasa. A shekarun 1870, lokacin gina gadar Brooklyn a birnin New York, ana tura leburori su haƙa ƙarƙashin kogi cikin manyan akwatuna da aka cika da iska mai matsi. Da yawa sun fito a tanƙware saboda ciwo, wasu sun mutu. Shi kansa babban injiniyan aikin, Washington Roebling, ciwon ya kwantar da shi a 1872, matarsa Emily ce ta riƙa kai umarninsa wurin aiki har aka buɗe gadar a 1883.

A 1878 wani masani Bafaranshe, Paul Bert, ya nuna cewa kumfar naitirojin ce sanadi. Amma wanda ya mayar da ilimin ya zama lambobi shi ne John Scott Haldane, ɗan yankin Scotland, da rundunar sojan ruwan Birtaniya ta ba aikin. Shi da abokan aikinsa sun yi gwaji da awaki a cikin ɗakin matsi a Landan, suna lura da lokacin da akuya za ta fara ɗaga ƙafa saboda ciwo. A 1908 suka fitar da jadawali na farko. Haldane ya ɗauki jiki kamar sassa biyar, wasu masu saurin shan naitirojin da saurin sakinta, wasu masu nawa, sannan ya ce a riƙa hawowa mataki-mataki ana tsayawa.

Galibin jadawalan da suka biyo baya jikokin wannan aiki ne. Sojan ruwan Amurka suna da nasu da suke sabuntawa lokaci-lokaci. Sojan ruwan Faransa sun fitar da MN90 a 1990. Ƙungiyar horar da masu nutso ta PADI ta fitar da nata a 1988 domin masu nutson shaƙatawa.

Kuma ba su yarda da juna ba. A zurfin mita 30, lokacin da mutum zai iya yi ya hawo ba tare da tsayawar dole ba minti 10 ne a jadawalin Faransa, minti 20 a na PADI, minti 25 a na sojan Amurka. Ruwa ɗaya, jiki ɗaya, amsa uku. Bambancin yana nuna cewa jadawali kintace ne da aka gina kan gwaji, kuma kowane mai tsarawa ya zaɓi iya kasadar da zai lamunta ga irin mutanen da ya yi wa aikin.

Agogon da ke lissafi

Babban raunin jadawali shi ne yana ɗaukar nutso kamar rami mai kusurwa huɗu. Wanda ya taɓa mita 30 na minti biyar, sannan ya hawo mita 12 ya ci gaba da kallon kifaye, takarda za ta lissafa masa kamar duk lokacin a mita 30 ya yi shi. A jadawalin PADI, minti 20 ya cika sai fita, ko da tukunyarsa na da sauran iska mai yawa.

Kwamfutar nutso ta zo ne don toshe wannan giɓi. Tana da na'urar auna matsi da agogo, tana duba zurfi kowane 'yan daƙiƙu, tana sabunta lissafin naitirojin da take zaton jiki ya sha ko ya saki. Wancan mai nutso da takarda ta kora a minti 20, kwamfuta na iya barinsa fiye da ninki biyun haka, domin ta ga ya bar zurfin tun da wuri.

Na'urorin farko da suka samu karɓuwa sun fito a 1983, cikinsu har da Orca Edge ta Amurka, wadda girmanta ya kusa bulo ƙarami. Kamfanoni irin su Uwatec na Suwizalan da Suunto na Finland suka ƙanƙanta ta har ta koma agogon hannu. Da yawa daga cikin na yau suna aiki ne da lissafin wani likita na birnin Zurich, Albert Bühlmann, wanda ya faɗaɗa sassan Haldane daga biyar zuwa 16, mafi sauri cikinsu yana cika rabi cikin 'yan mintuna, mafi nawa kuma sai bayan fiye da awa goma.

Ban da lissafi, kwamfuta tana yin ƙara idan mutum ya wuce saurin hawowa da aka yarda da shi, wajen mita 9 zuwa 10 a minti. Tana ƙirga masa tsayawar kariya ta minti uku a mita biyar. Tana tuna nutson safe idan ya koma da rana. Tana kuma nuna masa lokacin da zai jira kafin ya hau jirgin sama, domin ƙarancin matsin da ke cikin jirgi na iya tayar da kumfar da ta kwanta. Ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso tana ba da shawarar jiran aƙalla awa 12 bayan nutso guda, da awa 18 bayan nutso da yawa.

Masu cewa zamanin takarda ya wuce

Malaman da ke ganin an gama da jadawali suna kafa hujja da abin da suke gani a bakin ruwa. Ɗalibi yakan koyi jadawali don cin jarrabawa, bayan wata shida ya manta yadda ake bin layukansa. Wanda ya tuna ma yana iya kuskure: ya karanta layin da ba shi ba, ya manta zurfin da ya kai, ko ya rikita harafin da ke nuna ragowar naitirojin ɗin nutson baya. A ƙarƙashin ruwa kuma, daga wajen mita 30, naitirojin na sa wani irin maye da ke rage kaifin tunani. Kwamfuta ba ta maye, ba ta mantuwa.

Wannan ra'ayi ya yi tasiri. Ƙungiyar horarwa ta SDI, da aka kafa a Amurka a ƙarshen shekarun 1990, ta fara koyar da sababbin ɗalibai da kwamfuta tun daga ranar farko. Daga baya manyan ƙungiyoyi suka ba malamansu zaɓin koyarwa da kwamfuta a madadin takarda. A wuraren yawon buɗe ido irin su gaɓar Bahar Maliya a Masar, inda baƙo kan yi nutso uku ko huɗu a rana har mako guda, da wuya a ga mai duba jadawali a cikin jirgi.

Suna da wata hujja mai ƙarfi kuma. Ana yawan cewa a riƙe jadawali saboda ranar da kwamfuta za ta lalace. Amma nutson da aka yi da kwamfuta, ana sauka ana hawa, sau da yawa ya riga ya wuce iyakar da takarda ta sani. Mutumin da ya taɓa mita 30 kuma ya yi minti 45 a ruwa, idan ya buɗe jadawalin PADI ba zai samu gurbinsa a ciki ba. A ganinsu, madadin kwamfuta wata kwamfutar ce ta biyu da ta shiga ruwa tare da ta farko.

Masu cewa a riƙe ta

Ɗaya ɓangaren bai musanta amfanin na'urar ba. Damuwarsu ita ce mai nutson da bai san ma'anar lambar da yake kallo ba.

Wanda ya koyi jadawali, ko da ya manta layukansa, yakan rage da ma'auni a kansa: mita 18 wajen awa ɗaya ba kaɗan, mita 30 wajen minti 20, mita 40 ƙasa da minti 10. Idan na'urarsa ta nuna masa minti 70 a mita 30, nan take zai san akwai matsala. Irin wannan kuskure yana faruwa ba sai na'ura ta lalace ba. Ya isa a saita ta kan iska mai ƙarin oksijin, sannan a shiga ruwa da iskar yau da kullum. Za ta yi lissafinta daidai, a kan bayanin ƙarya.

Na'urar kanta ma ba ma'asumiya ba ce. A 2003 an janye wani samfurin kwamfutar Aladin ƙirar 1995 daga hannun masu amfani da ita a Amurka, bayan an gano kuskure a manhajarta da ke iya ba da lissafin da ba daidai ba ga masu maimaita nutso. Sannan kamar yadda jadawalai suka saɓa, haka kwamfutoci: abokai biyu na iya yin nutso kafaɗa da kafaɗa, ta ɗaya ta ce saura minti 12, ta ɗayan ta ce saura biyar. Ƙa'ida ita ce a bi wadda ta fi tsanani, amma sai wanda ya san dalili yake yarda ya katse jin daɗinsa.

Akwai kuma batun shiri. Jadawali yana tilasta wa mutum ya zauna kafin shiga ruwa ya yanke zurfi da lokaci, ya auna ko iskarsa za ta isa. Mai dogaro da kwamfuta kaɗai yakan faɗa ruwa ya bi lamba har ta kusa sifili, ya ɗan hawo ta ƙara masa mintuna, ya sake sauka. Kusan kowace kwamfuta tana da sashen tsara nutso, wanda idan aka buɗe shi jadawali ne ke fitowa a fuskarta, amma masu buɗe shi ba su da yawa.

Wannan tunani ne ya sa tarayyar masu nutso ta Faransa ta ci gaba da amfani da MN90 wajen koyar da darasi da jarrabawa, duk da cewa ɗalibanta da kwamfuta suke shiga teku.

Abin da dukansu ba su sani ba

Wuri guda da ɓangarorin biyu suka haɗu shi ne: takarda da na'ura babu wadda ke auna jinin mutum. Zurfi da lokaci kawai suke gani. Ba su san ya kwana bai yi barci ba, ko ya sha giya, ko jikinsa ya bushe da ƙishirwa, ko ya yi aikin ƙarfi a ƙasa, ko sanyi ya kama shi lokacin hawowa, alhali duk waɗannan na iya ƙara haɗari. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana da wata 'yar ƙofa a tsakanin ɓangarorin zuciyarsa da ba ta rufe ba tun haihuwa, wadda ke iya barin kumfa ta tsallake huhu ta wuce ƙwaƙwalwa. Saboda haka ake samun waɗanda ciwon ke kamawa alhali ba su karya ko doka ɗaya ba.

Idan na'ura ta mutu a tsakiyar nutso, umarnin da ake koyarwa a fili yake: a yi wa aboki alama, a hawo a hankali, a tsaya a mita biyar, a fita. Ba a aron kwamfutar wani a koma ruwa, domin sabuwar ba ta san naitirojin da ke jikin mai aron ba, za ta ɗauke shi kamar wanda bai taɓa ruwa ba. Galibin masu ƙera na'urorin suna cewa a huta kwana guda. Idan kuma alamun ciwo suka bayyana, sai a ba shi oksijin zalla a garzaya da shi ɗakin matsi.

Inda takarda take doka

A ɗakin matsin kuwa jadawali ne sarki. Maganin da aka fi amfani da shi a duniya sunansa Jadawali na 6 na sojan ruwan Amurka: a mayar da majinyaci matsin mita 18, a riƙa ba shi oksijin ana hutawa, a dawo da shi a hankali cikin kusan awa biyar.

Haka abin yake a nutson sana'a. Masu walda da duba bututu a ƙarƙashin teku, da masu gyaran ƙasan jirage a tashoshin ruwa, yawanci ba su ke yanke wa kansu lokaci ba. Shugaban aiki yana sama da agogo da jadawali, yana magana da su ta waya, shi ke cewa a tsaya ko a hawo, yana rubuta komai. A Faransa ma'aikatar ƙwadago tana da jadawalinta na doka da ta fitar a 1992 aka kuma sabunta daga baya. Irin waɗannan ma'aikata ne ke kula da tashoshin lodin mai na cikin teku a mashigin Gini, yankin da ɗanyen man Agadem ke ƙarewa bayan tafiyar kusan kilomita 2000 a bututu zuwa Seme a ƙasar Benin.

Masu shiga kogunan ƙarƙashin ƙasa da tarkacen jirage masu zurfi kuma sun haɗa biyun. Sukan ɗaura kwamfuta biyu, sannan su rubuta matakan tsayawarsu a ɗan allo su ɗaure a hannu, har da lissafin abin da za su yi idan sun zarce lokaci.

Akwai kuma waɗanda muhawarar ba ta ma iso gare su ba. A gaɓar Honduras, 'yan ƙabilar Miskito sun shafe shekaru suna nutson kamun manyan jatan lande da ake sayarwa Amurka, suna sauka sau da yawa a rana ba agogo, ba ma'aunin zurfi, ba jadawali. Da yawa sun shanye, wasu sun mutu. A 2021 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasashen nahiyar Amurka ta yanke hukunci kan ƙarar 42 daga cikinsu, inda gwamnatin Honduras ta amsa alhakin gaza kare su.

Ga mai nutson shaƙatawa da ba ya wuce iyaka, kwamfuta mai lafiya ta wadatar a cikin ruwa, kuma ta fi takarda dacewa da yadda ake nutso a zahiri. Abin da ba ta ɗauke masa ba shi ne sanin dalilin lambobin, da tsara nutso kafin a jiƙa, da sanin abin yi ranar da fuskarta ta yi baƙi. Hanya mafi sauƙi ta koyon waɗannan har yanzu ita ce tsohuwar takardar Haldane da jikokinta.

Harrison Okene, wanda ya taɓa cewa ba zai sake komawa teku ba, ya koma. A 2015 ya kammala horon zama mai nutso na sana'a, kuma mutumin da ya kama hannunsa a cikin duhun Jascon-4 shi ne ya miƙa masa takardar shaida. Aikin da ya zaɓa yana cikin waɗanda ba a shiga ruwa sai an buɗe jadawali.